Kumburin Ƙafa Ɗaya Ba Abin Wasa Ba Ne

Daskarewar jini rahama ce idan lauje ya yanki manomi, domin da ita jinin yake tsayawa. Amma idan gudan jini ya haɗu a cikin jijiya mai zurfi, galibi a sharaɓa ko cinya, ya zama cuta. Babban haɗarin shi ne gudan ya ɓalle, jini ya kwashe shi zuwa huhu ya toshe hanya, kuma hakan yana iya kisa farat ɗaya.

Masana sun jingina wa likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, dalilai uku na wannan cuta: jini ya riƙa tafiya a hankali, ko jijiya ta ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Ranar haihuwarsa, 13 ga Oktoba, ita aka keɓe tun 2014 don faɗakar da duniya a kan cutar.

A ƙauyukan Dambatta, Bichi, Makoɗa da Kunchi, waɗanda abin ya fi shafa sanannu ne. Ta farko ita ce mai jego, domin jininta yana saurin daskarewa har kusan makonni shida bayan haihuwa, wato daidai kwanakin arba'in, balle idan tiyata aka yi mata. Sai wanda ya karye a babur aka yi masa ɗori yana kwance, da masu sikila, da ɗan cirani da zai wuni ya kwana a takure cikin mota zuwa Legas.

Alamomin su ne ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo. Kada a yi mata tausa. Ƙahon wanzami ma ba ya kaiwa inda gudan yake. Idan kuma numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙirji yana suka, ko ana tarin jini, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Hoton jijiya ne yake tabbatar da cutar, kuma idan abin ya gagari babban asibitin yanki, akan tura mutum Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Magani akwai: allurar heparin da ƙwayoyi irin su warfarin, yawanci na tsawon wata uku ko fiye. Mai shan warfarin sai da gwajin jini a kai a kai, kada kuma ya sauya yawan zogale ko alayyahon da ya saba ci bagatatan, domin ganye yana rage ƙarfin maganin. Kada ya yarda da ƙaho ko tsaga, don jinin zai yi wuyar tsayawa.

Yanzu waya ta kawo ilimi har gindin rumbu. Shafin Hukumar Lafiya ta Duniya da na hukumar lafiyar Birtaniya suna da sahihin bayani, sai dai ba da Hausa ba, don haka aiki ya hau kan ɗaliban gida su karanta wa iyaye. Da Hausa kuwa akwai shirye-shiryen lafiya irin su Lafiya Zinariya na BBC. Amma a kiyayi masu tallar maganin "wanke jini" a WhatsApp da TikTok. Amfanin waya shi ne ka gane alama da wuri. Rubuta magani aikin likita ne.

Rigakafin kuwa ba ya cin ko kwabo. Mai jego ta riƙa ɗan takawa a tsakar gida, majinyaci a taimaka masa ya motsa ƙafafu, matafiyi ya sha ruwa, ya sauka ya miƙe ƙafa duk inda mota ta tsaya.