Bayan An Kashe Wuta: Gyaran Gida da Neman Diyyar Inshora a Keffi

Idan gobara ta tashi a Yara ko wata unguwa ta garin Keffi, ba a rasa masu kawo ɗauki. Kafin motar 'yan kwana-kwana ta iso, matasa sun yi layi da bokitai, wasu na watsa ƙasa, wasu na jan abin da ya jawu. Washegari gida ya cika da 'yan jaje: "Allah ya mayar da alheri, Allah ya kiyaye gaba." Wannan ya kawo tabarma, wancan kwanon masara, wata ta kwance zani ta ba matar gida. Bayan kwana uku ƙafa ta ɗauke, a bar mai gida da bango baƙi ƙirin da iyali a ɗakin aro.

A nan ne mutane da yawa ke yin asara ta biyu. Kunyar zama a gidan wani da son a rufa asiri kan sa a kwashe toka a ranar, a kira kafinta ya ɗora kwano, a shafe bango da fenti. Wannan gaggawa tana ɓatar da shaidar da za a nemi diyya da ita, tana kuma rufe lahanin da wuta ta yi wa ginin.

Kafin a ɗauki tsintsiya

Abu na farko shi ne a tabbatar an cire wutar gidan daga mita ko daga turke, an fitar da tukunyar gas da jarkar fetur ɗin janareto. Katifa da katakon rufi suna iya ci gaba da cin wuta a ciki sa'o'i bayan an ga ta mutu. Wanda ya shaƙi hayaƙi sosai, musamman yaro ko tsoho, a kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi ko asibiti mafi kusa ko da babu ƙuna a jikinsa, domin illar hayaƙi a huhu takan bayyana daga baya.

Sai ɗaukar hoto. A bi ɗaki-ɗaki da waya: rufi, bango, soket, gawar firji, ƙarfen gado. A zauna da matan gida a rubuta abin da ya ƙone, don sau da yawa dukiyar da ta fi yawa a gidan Bahaushe kayan ɗakin mace ce, kuma ita ta san adadin atamfofinta da abin da ke cikin kabad. A nemi rahoton hukumar kashe gobara, wanda ke nuna rana da abin da ake zaton ya haddasa wutar, a kuma kai rahoto ofishin 'yan sanda a karɓi takarda. Da waɗannan, tare da takardar rantsuwa daga kotu, ake bin sawun takardun da suka ƙone: na fili a hukumar NAGIS ta jihar Nasarawa, na makaranta, na banki.

Bangon da ke tsaye ba lallai lafiyarsa ƙalau ba

Wuta tana canza siminti. Kankare da ya sha zafin da ya kai digiri 300 a ma'aunin Salshiyas yakan sauya launi ya yi ja-ja, alamar ƙarfinsa ya fara raguwa. Rodi kuwa yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa idan zafi ya kai wajen digiri 600, kuma gobarar ɗaki mai katifa da kujerun soso tana iya wuce haka. Ruwan sanyin da aka kwara wa bango mai zafi shi ma yana tsattsaga shi. Gogaggen magini yakan bi bango yana ƙwanƙwasawa da guduma: inda ya ji sauti kamar na fanko, filasta ta rabu da bulo, inda bulo ke marmashewa a hannu, sai rushewa. Idan gidan bene ne ko mai dakin, a nemo injiniyan gini ya duba ginshiƙai da linta kafin kowa ya kwana a ƙarƙashinsu.

Wayoyin lantarki na ɓangaren da wuta ta taɓa a sauya su baki ɗaya. Robar da ke jikin waya tana narkewa a cikin bututu inda ido ba ya gani, kuma haɗa sabuwa da tsohuwa da salatif gayyato gobara ta biyu ne ranar da aka kawo wuta da ƙarfi. Tsohon silin na asbestos, wanda ke cikin gidaje da dama da aka gina shekarun baya, idan ya farfashe ƙurarsa tana cutar da huhu. A jiƙa shi da ruwa, a rufe hanci, a kwashe a buhu. Silin na roba da ake yayi yanzu yana da sauƙin kuɗi, amma yana narkewa ya zubo, hayaƙinsa kuma guba ne. Mai sake rufi ya auna wannan kafin ya saya.

Yadda kamfanin inshora ke lissafi

Wanda ke da inshora ya sanar da kamfani ko dillalinsa nan take, a rubuce, ko da saƙon waya ne, don kowace yarjejeniya tana da wa'adin sanarwa. Kamfani zai turo mai tantance asara ya ga wurin, ya duba rasit, ya kwatanta da kiyasin magini da kafinta. An yarda mutum ya kare abin da ya saura, kamar rufa tamfol don ruwan sama, amma babban gyara sai bayan an tantance.

Abubuwa uku ne suka fi jawo rigima. Na farko, a Najeriya in ba a biya kuɗin inshora ba, babu kariya; wanda tasa ta ƙare jiya, gobara ta tashi yau, ba shi da abin karɓa. Na biyu, inshorar gini daban, ta kayan ciki daban. Wannan ya shafi Keffi ƙwarai, garin da Jami'ar Jihar Nasarawa da kusancinsa da Abuja suka cika shi da 'yan haya: inshorar da mai gida ya yi wa gininsa ba ta biyan kwamfutar ɗalibi ko keken ɗinkin matar ɗan haya. Na uku, rage darajar gida. A ce sake gina gida zai ci naira miliyan 20, amma an yi masa inshorar miliyan 10 don a rage abin biya. Idan gobara ta yi ɓarnar miliyan 6, kamfani zai biya miliyan 3 ne kawai, tunda rabin gidan aka sa a inshora. Yadda farashin siminti da kwano ya yi ta hawa a 'yan shekarun nan, adadin da ya dace shekara uku da suka wuce ya zama ƙarami yau.

Kada a sa hannu a takardar sallama sai an gamsu da adadin, domin sa hannu na nufin an rufe magana. Dokar inshora ta 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan wannan takarda, ta kuma wajabta inshora a kan gine-ginen da jama'a ke shiga, har da gidajen haya da ɗakunan kwanan ɗalibai. A shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbinta, wadda ta ƙara matsa wa kamfanoni kan biya da wuri. Wanda aka ja masa rai yana da damar kai ƙara sashen koke-koke na NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora ta ƙasa.

Ga wanda ba shi da ita

Gaskiyar magana, mafi yawan magidanta ba su da inshora. Duk harkar ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin Najeriya ba. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 da ta babbar kasuwar Sakkwato a 2021 sun nuna haka: 'yan kasuwa da dama sai jiran tallafin gwamnati da na masu hali. Magidanci a Keffi zai iya rubuta wa ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiha, NASEMA, ta hannun mai unguwa, ya haɗa da hotuna da rahoton 'yan kwana-kwana. Sai dai tallafi rage zafi ne, ba ya mayar da gida yadda yake. Kuɗin gudummawa da na adashi a kashe su bi da bi: ƙarfin gini, rufi, wayarin, ƙofofi, fenti a ƙarshe. Gara a kammala ɗaki ɗaya mai inganci a shiga da a lallaɓe huɗu.

Da yawa suna guje wa inshora ne saboda addini, ganin malamai sun yi magana kan riba da rashin tabbas da ke cikinta. Amsar wannan ita ce takaful, wadda aka fara a Sudan a 1979. Mahalarta suna zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, a biya wanda masifa ta faɗa wa, kamfani ya ɗauki ladan kula da asusun, idan an sami rara a raba. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suna aiki da lasisi. Tsarin bai yi nisa da gudummawar da maƙwabta ke kawowa ranar jaje ba, illa dai an tara ta tun kafin wuta, an kuma rubuta nawa za a bayar.

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin hunturu ya kankama, lokacin da iska ta bushe kuma ake shiga ɗaki da garwashi da hita, magidanci ya ɗauki hoton takardunsa da kayan gidansa ya ajiye a imel ko wajen ɗan'uwa, ya kira mai gyaran wuta ya duba wayarin, ya fitar da fetur daga ɗakin kwana. Sannan ya tambayi kamfani biyu ko uku nawa za su karɓa a shekara a kan gidansa, ya kwatanta da kuɗin bandir ɗin kwano a kasuwar Keffi, ya yanke shawara da idonsa a buɗe.