Ƙidayar Jama'a da Sauya Addini a Indiya a Zamanin Mulkin Turawa

Ana yawan cewa Turawan Ingila ne suka raba Hindu da Musulmi a ƙasar Indiya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Bambancin addini ya riga Turawa zuwa. Abin da suka kawo shi ne ƙidaya, sa'an nan suka ɗora rabon mulki a kanta.

A shekarar 1813 Majalisar Ingila ta buɗe wa 'yan Mishan ƙofar shiga ƙasar, kuma galibin waɗanda suka bi su daga baya talakawa ne na ƙasƙantattun dangogi, waɗanda ake ƙyamar ko taɓa su. Bayan tawayen 1857, Sarauniya Biktoriya ta yi alkawari a 1858 cewa hukuma ba za ta tsoma baki cikin addinin kowa ba. To, amma daga 1881 aka riƙa ƙidayar jama'a duk shekara goma, kowane mutum kuwa dole a sa shi a gida ɗaya na takarda. Alal misali, mutanen Mewat, kudu da Delhi, Musulmi ne masu sunaye da bukukuwa irin na Hindu. Malamin ƙidaya ba shi da gidan da zai rubuta wannan.

Dokar 1909 ita ta kai matsalar maƙura, domin ta ware wa Musulmi kujerunsu na majalisa da masu zaɓensu dabam. Daga nan duk wanda ya sauya addini ya rage wa wani ɓangare yawa, ya ƙara wa wani. Ƙungiyar Arya Samaj, wadda aka kafa a 1875, ta duƙufa wajen "tsarkake" waɗanda kakanninsu suka musulunta, musamman daga 1923. A cikin wannan yanayi ne Maulana Muhammad Ilyas ya fara aikin Tabligi a Mewat wajen 1926. Har azumin da Gandi ya yi a 1932, don kada a ware wa ƙasƙantattun dangogi nasu zaɓen, a ganina akwai wannan lissafi a ƙarƙashinsa, ko da yake masoyansa ba su son jin haka.

Da aka zo raba ƙasar a 1947, Radcliffe, lauyan da bai taɓa taka Indiya ba, ya samu mako biyar kacal ya shata iyaka a Panjab da Bengal. Alƙaluman ƙidayar 1941 na cikin manyan abubuwan da ya dogara da su, gunduma bayan gunduma. Mutane fiye da miliyan goma suka bar gidajensu.