Gajeriyar Igiya Ba Ta Tsayar Da Jirgi

Duk shekara idan ruwan Agusta ya kankama, sai an ji labarin wani wanda ya ɗaure kwale-kwalensa da magariba, gari ya waye ya tarar da shi a nutse, ko ya fashe a jikin dutse, ko kuma babu shi babu dalilinsa. Nan take za a fara neman mai laifi. Wasu su ce ɓarayi ne, wasu su ce mutanen ruwa ne suka kaɗa shi. Ba a cika tuhumar igiyar da aka ɗaure shi da ita ba, alhali sau da yawa ita ce ummul-haba'isi.

Ƙasar Birnin Gwari ba ta yi suna da jirage kamar Yawuri ba, amma akwai ruwa. Ga madatsar Bagoma, ga kogin Mariga da ke bi ta gefen dajin Kamuku kafin ya je ya haɗu da kogin Kaduna, ga ƙoramun da ke raba manomi da gonarsa da damina. Masunta da masu fito suna nan, kuma jirgi ɗaya ne jarin gida guda.

Jirgin da ke ɗaure da igiya ɗaya tamkar akuya ne a turke, dole ya yi ta kewaya. Iska na tura abin da ke sama, ruwa na jan abin da ke ƙasa, idan suka saɓa sai jirgi ya riƙa lilo dama da hagu. Wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne maganin da mutane ke yi masa.

Maganin kuwa shi ne a gajarce igiya, a ja ta tamau, a ce yanzu ba shi da wurin motsi. Wallahi wannan dabara ta cinye jirage da yawa. Jirgi ba ya daina motsi don an matse shi, fizga yake komawa yi. Kowace iska ta taso sai ya fizgi igiyar, ita kuma ta fizgi turken ko dutsen da aka jefa a ƙasa. A dare ɗaya zai yi haka ba adadi. Ƙarshenta turke ya tuge, ko igiya ta tsinke inda take gogar katako, ko ƙusa ta saki.

Ga wanda ya jefa dutse ko ƙugiyar ƙarfe a tsakiyar ruwa ma abin ya fi muni. Idan igiya gajeriya ce, a tsaye take, jirgi na ɗagawa sai ya ɗago dutsen daga ƙasa, su tafi tare. Idan doguwa ce, a kwance take jan sa, sai ya ƙara nutsewa cikin laka. Shi ya sa matuƙan jiragen teku ke sakin igiya ninki 5 zuwa 7 na zurfin ruwan. Wato idan zurfin mita 2 ne, ana buƙatar mita 10 zuwa 14. Mai ƙara girman dutse yana rowar igiya, bayansa kawai yake wahalarwa.

Sai babbar masifar, wato hawan ruwa. Kogunanmu ba sa sallama. Ana iya tafka ruwa can wajen Zamfara ko kudancin Katsina, nan ko yayyafi ba a yi ba, amma cikin dare kogi ya cika. Waɗanda ke ƙasa da madatsar Shiroro ko ta Zungeru sun san yadda ruwa ke hawa idan an buɗe ƙofa. Jirgin da aka ɗaure tamau ba shi da damar tashi tare da ruwan. Igiya ta riƙe hancinsa ƙasa, ruwa ya hau ya shiga ciki. Da safe a zo ana salati ana cewa aljanu. Haba jama'a! Aljanin me, bayan da hannunka ka ɗaure shi?

To me ya kamata a yi? A fara da inda ake ɗaurawa. A hancin jirgi ake ɗaure igiya, domin ya fuskanci ruwa ya keta shi. Kada a kuskura a ɗaure a tsakiyar gefe, ruwa zai bugi cikinsa ya kife shi. Kada kuma a jefa dutse ta baya kaɗai, musamman jirgi mai inji, wanda dama bayansa ya yi nauyi. Idan lilon ya yi yawa, a ɗauko igiya biyu daga gefen hancin dama da na hagu a haɗe su a jikin babbar igiyar, jan zai rabu biyu, kaɗawar ta ragu. Wanda ya ɗaura wani ɗan dutse a tsakiyar igiya, ya sa ta yi ciki a ruwa, zai ga fizgar ta lafa. Ko tsohon bokiti aka ɗaura a bayan jirgi aka sake shi cikin ruwa, yana rage gudun kaɗawar.

A bakin gaɓa kuwa, igiya biyu ce ƙa'ida: ɗaya daga hanci zuwa turken da ke sama da ruwa, ɗaya daga baya zuwa wani turken, kowacce da sassaucin da zai ɗauki hawan ruwa. Turakun a kafa su can bisa tudu, ba cikin yashin da ruwa zai zaizaye ba. Inda jirage ke jere, a rataya tsofaffin tayoyi tsakaninsu. Inda igiya ke gogar katako, a naɗe ta da tsumma ko guntun tiyo. Igiyar nailan ta fi, don tana miƙewa ta shanye fizga, amma rana na cin ta, in ta fara gashi a sauya. Kuma a sauke kaya kafin a tafi gida. Buhunan masara da aka jibge, ko tamfol da aka bari a shimfiɗe bisa kaya, iska suke tarewa.



Haɗarin jirgin ruwa na Warra a jihar Kebbi cikin watan Mayun 2021, da na Bagwai a jihar Kano cikin Nuwamban shekarar, sun sa ana ta maganar lodi da rigar kariya, kuma daidai ne. Jirgin da ya nutse a ɗaure kuwa ba ya shiga rediyo, sai dai mai shi ya koma cin bashi. Wani lokacin ma ba dukiya kaɗai ba ce, domin yara na wasa cikin jiragen da ke ɗaure, igiya na tsinkewa shi ke nan. Sarakunan ruwa da shugabannin masu fito, ku riƙa zagayawa da yamma kuna duba ɗaurin jirage. Wanda kuka ga ya ja igiyarsa tamau, ku sa shi ya sassauta kafin ya bar bakin ruwa.