Magidanci ya gyara gadonsa tun yana da rai

Bayan kaka, idan hatsi ya shiga rumbu, ƙofar maigari ba ta rabuwa da masu ƙara. Da yawa daga cikinsu rigimar gado ce ta kawo su. Magidanci ya rasu, bai bar takarda ba. Wani ya ce gonar bakin fadama aro ce, ɗiyan mamaci su ce saye ce. Tsofaffin da suka shaida maganar su ma sun riga mu gidan gaskiya. Kafin a gama shari'a damina ta wuce, gona ta kwana ba shuka, zumunta ta lalace. Abin ya fi tsanani a kudancin Maraɗi da Damagaram, inda mutane suka yi yawa, gonaki suka ƙanƙance.

Yadda ake rabon gado

Malamai sun ce kafin a raba kome, sai an fidda abu uku: kuɗin jana'iza, bashin da ake bin mamaci, sannan wasiyyarsa. Abin da ya rage shi ne gado. Rabon kowa yana cikin Suratun Nisa'i. Idan mamaci ya bar ɗiya, matarsa tana da kashi ɗaya cikin 8. Idan mata biyu ne ko huɗu, wannan kashi ɗayan suke rabawa. Namiji yana samun rabon mata biyu.

Ga misali. Mutum ya rasu, uwayensa ba su da rai. Ya bar mata 2, ɗiya maza 2, ɗiya mata 3, da dami 80 na hatsi bayan an biya bashi. Mata biyu su ɗauki dami 10, kowace 5. Saura 70. Kowane namiji ya samu 20, kowace mace 10. Haka ake yi wa gona da bisashe. A wasu ƙauyuka ana hana ɗiya mata gona, ana cewa za su tafi gidan miji. Wannan al'ada ce, shari'ar Musulunci ba ta ce haka ba.

Wasiyya da kyauta

Mutum yana iya yin wasiyya da sulusin dukiyarsa, wato kashi ɗaya cikin 3, ba fiye ba. Ba a yi wa mai gado wasiyya, sai in sauran magada sun yarda. Amfaninta babba ne ga wanda gado ba ya kai wa. Jikan da ubansa ya rasu kafin kakansa ba ya cin gado idan baffanninsa suna da rai. Agola da ɗan riƙo su ma haka. In kaka bai yi masu wasiyya ba, sai su tashi hannu wofi.

Akwai kuma kyauta tun da rai. Amma kyautar baki ba ta isa ba. Wanda aka ba gona ya shiga ya nome ta, wanda aka ba karsana ya kama ta, mutane su gani. Gamanar da miji ya yanka wa matarsa, ya faɗi a fili: kyauta ce ko aro?

Abin da za a rubuta

Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana iya wannan aiki da kansa, da Hausa, cikin ƙaramin littafi. Ya rubuta kowace gona da iyakokinta da sunayen maƙwabta. Ya nuna wadda ya gada, wadda ya saya, wadda aka ba shi aro, da wadda ke jingina da kuɗin da ya karɓa. Makiyayi ya rubuta bisashen da ya ba da kiwo ko habbanaye, da na mutane da ke cikin garkensa, da na matansa, don kada a haɗa su cikin gado. A rubuta bashi, na karɓa da na biya. A karanta gaban shaidu biyu adilai, su sa hannu, a sa kwanan wata.

Takardar gona

Tun 1993 Nijar tana da dokar karkara. Ita ta kawo kwamitocin kula da filaye a ƙauye, a kumin, da a departama. Na ƙauye, maigari ko shugaban rugga ke shugabantarsa, da wakilan manoma, makiyaya, mata da samari. Can ake samun takardar shaidar gonar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro da ta jingina. Burtali da makiyaya kuwa na jama'a ne, ba a gadonsu, ba a sayar da su.

Wasu suna jin tsoro, wai rubuta wasiyya kiran mutuwa ne. Takarda ba ta rage kwana. Mai lafiya shi ke iya tara iyalinsa ya yi masu bayani. Rani lokacin hutu ne: kowane magidanci ya nemi littafi da alƙalami, ya kira shaidu, ya je wurin maigari kafin ruwan shuka ya sauka.