Idan Injin Naɗe Ciyawa Ya Ƙi Fara Dami

A yankin Babban Birnin Tarayya, Abuja, ruwan sama kan fara ne a watan Afrilu, ya kuma kai har cikin Oktoba kafin ya ɗauke. Wannan ya sa ciyawa ke yin kyau a Kuje da Kwali da Abaji, da kewayen wuraren kiwo irin su Paikon Kore a Gwagwalada da Kawu a Bwari. Amma kuma shi ne ke taƙaita lokacin yin ingirici. Mai dabbobi ba ya iya shanya ciyawa ana ruwa, kuma da zarar ruwa ya ɗauke makonni kaɗan gare shi kafin gamba da kyasuwa su tsufa su zama kara, ko wutar daji ta riga shi. A cikin waɗannan makonni, kwana uku da inji zai yi a tsaye na iya zama abincin shanu na wata guda a tsakiyar rani.

Tun bayan kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a shekarar 2024, maganar noman ciyawa ta ƙara ƙarfi, kuma mai gonar kiwo da ba shi da halin sayen sabon inji yakan koma ga na hannu. Kamfanin Vermeer na jihar Iowa a Amurka ne ya fito da babban injin naɗe ciyawa a shekarar 1971, sannan wasu kamfanoni irin su John Deere da New Holland suka biyo baya. Tsofaffin injinan suna da ƙarko, amma matsaloli biyu ne suka fi damun masu su: ƙin fara dami, da rikicin bel.

Yadda dami ke farawa

Haƙoran gaban inji suna tsince ciyawa daga ƙasa su tura ta cikin maƙogwaro. A can ne jerin bel masu gudu da wata rola ta ƙarfe ke murza ta har ta soma juyawa, kamar yadda ake fara naɗe tabarma. Idan wannan cibiya ta kama, sauran aikin mai sauƙi ne. Idan ba ta kama ba, ciyawa za ta taru ta toshe maƙogwaro, ko ta riƙa fitowa ta tsakanin bel tana zuba a ƙasa.

Kafin a kira makaniki, a fara duba ita ciyawar. Iskar hunturu tana busar da yankakkiyar ciyawa fiye da kima, ta yi santsi, ta riƙa karyewa, har bel ya rasa abin kamawa. Sau da yawa injin da ya ƙi aiki da ƙarfe biyu na rana zai yi shi lafiya da sassafe ko da yamma liƙis, lokacin da ciyawa ta ɗan yi laushi. Sai dai kada a wuce gona da iri: danshin da ake so a babban dami shi ne kashi 15 cikin ɗari ko kusa da haka, kada ya haura 18. Damin da aka naɗe da jiƙaƙƙiyar ciyawa yakan yi fumfuna, ya ɗauki zafi, wani lokaci har ya kama wuta a ma'ajiya.

Abu na biyu shi ne hannun direba. Yawancin direbobi, idan dami ya ƙi farawa, sukan taka mai su ƙara gudun inji, sannan su shiga layin ciyawa a hankali. Akasin haka ne daidai. A ɗan rage gudun shaf ɗin da ke juya inji ƙasa da 540 a minti, a shiga layi mai kauri da tafiya sosai, domin ciyawa mai yawa ta cika faɗin maƙogwaro a lokaci ɗaya. Bayan cibiya ta kama sai a mayar da gudun yadda yake. Inda aka tara ciyawa da manjagara, layin kan yi kauri a nan ya yi siriri a can. A zaɓi wuri mai kauri a fara dami a kansa.

Idan duk an yi wannan bai yi ba, to laifin na inji ne. A duba ko ƙofar baya ta kulle sosai a ɓangarori biyu, domin idan gefe ɗaya bai kama ba tazarar da ke tsakanin roloji ta canza. A ƙirga haƙoran da suka karye a maye su. A shafa bayan bel da hannu, inji yana kashe: idan zanen da ke kansa ya goge ya yi sumul kamar tsohuwar taya, ba wata dabarar tuƙi da za ta sa ya kama busasshiyar ciyawa.

Rikicin bel

Bel ba ya barin hanyarsa haka kawai. Idan ya karkata gefe, ko ya hau kan ɗan'uwansa, ko ya kife, akwai abin da ya tura shi, kuma mafi yawa rashin daidaiton tsawo ne. Bel yana miƙewa da shekaru, amma ba su miƙewa daidai da juna. Gajeru sai su ɗauki nauyin dami duka har maɗaurinsu ya tsinke, dogaye kuma su saki su riƙa yawo. Mai sayen sabon bel guda ɗaya ya saka a tsakanin tsofaffi shida ya sayi wannan matsala da kuɗinsa.

Maganin shi ne a cire su gaba ɗaya kafin kaka, a shimfiɗa a kan daɓe, a ja kowanne da ƙarfi iri ɗaya, a auna. Bambancin da ke tsakanin mafi tsawo da mafi gajarta kada ya wuce santimita biyu da rabi, kuma kada a rage su ƙasa da tsawon da littafin injin ya faɗa. Wajen yanka a yi amfani da sukwaya irin ta kafinta. Yankan da ya karkace ko da kaɗan ne zai sa bel ya riƙa jan gefe muddin yana kan inji. Wayar da ke ratsa maɗauri ita ma tana cinyewa. Araha gare ta, a canza ta kowace shekara.

Daga nan sai roloji. Dogon karan gamba da igiyar ɗauri sukan nannaɗe rola, wurin ya yi tudu, bel kuma yakan hau inda ya fi kauri. A kankare su kullum bayan aiki. A kama kowace rola a girgiza. Wadda ke motsi ko ƙara, boris ɗinta ya mutu. Boris da sarƙa da giris ba su da wuyar samu a kasuwar makanikai ta Apo, amma bel ɗin ainihi gara a yi odarsa tun damina. Boris da ya mutu ba bel kaɗai yake ɓatawa ba, zafi yake yi a tsakiyar ƙurar ciyawa, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke ƙona injinan nan ƙurmus. A tsaya bayan aikin sa'a guda a duba ko akwai mai zafi, a kuma ajiye abin kashe gobara a kan tarakta.

Siffar dami ma shaida ce. Dami mai kauri a gefe ɗaya yana nuna direba ya bi layi ta ɓangare guda, kuma shi kansa yana ture bel zuwa gefe. Idan layin ciyawa bai kai faɗin inji ba, a ciyar da gefen dama na ɗan lokaci, a tsallaka da sauri zuwa hagu a daɗe kamar haka. Tafiyar maciji ba tsayawa tana tara ciyawa a tsakiya, bel ɗin gefe su saki.

Duk gyaran da aka ambata ana yin sa ne bayan an cire giyar shaf, an kashe tarakta, an zare makulli. Kada a tura ciyawa da hannu ko ƙafa inji yana juyawa, domin yana ja fiye da saurin da mutum zai saki. Kada kuma a shiga ƙarƙashin ƙofar baya sai an danna makullinta. Idan an gama aikin shekara, a share inji, a sassauta bel, a shigar da shi rumfa, domin ranar Maris da Afrilu tana tsattsaga roba, ɓeraye kuma suna yin sheƙa a ragowar ciyawar da aka bari a ciki.