Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Jitar Lantarki Da Makomar Amon Kiɗan Hausa

A shekarar 2008 wani matashi Ba'abzine daga Jamhuriyar Nijar, mai suna Mahamadou Souleymane, ya tsallako iyaka zuwa Sakkwato domin ɗaukar faifan waƙoƙinsa na farko. Situdiyon da ya samu irin wanda muka saba da shi ne, wato kwamfuta da kiɗan inji da manhajar nan mai lanƙwasa murya wadda ta cika waƙoƙin finafinanmu. Faifan, mai suna Anar, ya yi ta yawo daga wannan wayar salula zuwa waccan a faɗin Sahara, har ɗaya daga cikin waƙoƙin ta faɗa kunnen wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ya sanya ta cikin wani tarin waƙoƙi da kamfaninsa na Sahel Sounds ya fitar. A yau duniya ta san wannan matashi da sunan Mdou Moctar, bahagon makaɗin jitar lantarki wanda faya-fayansa Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 suka sa manyan mujallun kiɗa na Amurka da Ingila suke lissafa shi cikin gwanayen wannan zamani.

Abin lura ga ɗan Arewacin Nijeriya shi ne, wurinmu wannan bawan Allah ya zo neman sauti. Ya ɗauki abin da ya samu, ya koma gida ya ci gaba da nema har ya gina amon da in an ji shi a ko'ina za a ce nasa ne. Mu kuwa har yanzu muna kusa da inda ya bar mu.

Mene ne amo?

Makaɗan jita a duniya suna da wata damuwa da takan ci musu shekaru da dukiya, wato neman amo mai kyau. Mutum biyu za su iya kaɗa salo ɗaya ba kuskure, amma na ɗaya ya fito da kauri da gardi, na ɗayan ya fito siriri salam kamar miyar da ba gishiri. Wannan bambanci shi ake nema.

Jitar lantarki ita kaɗai kusan bebiya ce. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta na ƙarfe akwai maganaɗisu da aka nannaɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan tsirkiya ta girgiza sai ta haifar da 'yar ƙaramar wutar lantarki a cikin wayar, wadda amfilifaya za ta ƙarfafa, lasifika kuma ta mayar da ita sauti. An fara sayar da irin wannan jita a Amurka a farkon shekarun 1930, sannan samfurin Les Paul na kamfanin Gibson ya fito a 1952, Stratocaster ta kamfanin Fender, irin wadda Mdou Moctar yake riƙewa, ta biyo baya a 1954. Tsakanin jita da amfilifaya ne ake jera wasu ƙananan akwatuna da makaɗi yake takawa da ƙafa kamar fedar keke, shi ya sa ake kiran su feda. Wata tana sa sauti ya yi gurnani, wata ta ba shi amsa-kuwwa kamar a cikin kogo, wata kuma ta sa shi ya riƙa buɗewa yana rufewa kamar kukan jariri.

Abin dariya shi ne, gurnanin da ake kashe kuɗi a kansa yanzu daga lalacewar kaya ya samo asali. A 1951, lokacin ɗaukar waƙar Rocket 88 a birnin Memfis, lasifikar amfilifayar makaɗin jita Willie Kizart ta samu matsala a hanya, aka cusa mata takarda aka yi aiki da ita haka, sai ga shi shaƙaƙƙen sautin ya burge jama'a. Bayan kusan shekara goma, a birnin Nashbil, wani layi a na'urar haɗa sauti ya lalace ana tsakiyar ɗaukar waƙar Marty Robbins. Injiniyan situdiyon, Glenn Snoddy, ya zauna ya ƙera da'irar da za ta maimaita wannan lalacewa da gangan, kuma a 1962 aka fara sayar da ita da sunan Maestro Fuzz-Tone. Kasuwarta ta buɗe a 1965 da ƙungiyar Rolling Stones ta yi amfani da ita. A Ingila ma, a 1964, Dave Davies na ƙungiyar Kinks reza ya sa ya tsaga lasifikarsa don ya samu irin wannan amo.

Yadda ake gwajin

Mai gwaji na ƙwarai yana aiki ne kamar mai bincike a ɗakin kimiyya. Zai riƙe jita ɗaya da waya ɗaya, ya kaɗa salo ɗaya, ya riƙa sauya abu ɗaya tak a kowane zagaye. Zai daidaita ƙarfin ƙarar na'urorin da yake kwatantawa, domin kunnen ɗan Adam yana da raunin ɗaukar abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi. Wasu ma sukan juya wa na'urorin baya, wani ya riƙa sauya musu, don kada sunan kamfani ko tsadar kaya su yi musu hukunci. Jerin fedojin ma yana da tasiri: idan aka sa mai amsa-kuwwa kafin mai gurnani, sauti yakan cakuɗe ya dagule, idan aka juya su sai ya fito a rarrabe. Haka kuma amon da ya yi daɗi a cikin ɗaki yana iya ɓacewa a fili idan ganguna suka shigo.

Amfilifaya kuwa iri biyu ce babba. Akwai mai ƙwayayen gilashi irin na tsofaffin akwatunan rediyo, wadda idan aka matsa mata takan shaƙe a hankali cikin taushi, kuma a kanta Jim Marshall ya gina sunansa a Landan tun daga 1962. Akwai kuma mai tiransista, wadda ta fi arha da sauƙin ɗauka da jure jijjigar hanya. An daɗe ana raina ta biyun, amma samfurin JC-120 da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1975 mai tiransista ne, kuma har gobe manyan makaɗa suna ji da shi saboda tsabtar sautinsa. A ƙarshe dai kunne ne alƙali, kuma duk gwanayen sun yarda cewa mafi yawan amo a yatsun makaɗi yake.

Mu ma mun san wannan

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Wanda ya tashi da rediyo a ƙasar nan ba ya bukatar a gaya masa wanda zai yi waƙa, domin daga bugun farko yake gane kalangun Mamman Shata, ɗan Musawa, ko kuntigin Ɗanmaraya Jos, ko gurmin Haruna Uje, ko kukumar Garba Supa da ta Hassan Wayam. Kuntigi gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya, amma a hannun Ɗanmaraya ya zaga ƙasashen duniya. Kowane ɗayan waɗannan mutane ya yi nasa gwajin wajen zaɓen ƙwarya da fata, da yadda za a ɗaure ta, da irin izgar da za a ɗora. Akayau ɗin nan da ake maƙalawa a kan wuyan molo ko garaya, ɗan ƙarfe mai zobba da ke rauji duk lokacin da aka taɓa tsirkiya, aikinsa ɗaya da fedar gurnani, wato ya ƙara wa tsabtataccen sauti ɗan ƙaiƙayi don ya cika kunne ya kuma yi nisa. Abin da Amurkawa suka yi tuntuɓe da shi a 1951, maƙeranmu sun daɗe suna ƙera shi da gangan.

Jitar lantarki ma ta taɓa zama a cikin waƙar Hausa. Bala Miller ɗan Zariya ya yi tashe da ƙungiyarsa a shekarun 1970 da 1980, Sa'adu Bori na Maraɗi kuma ya kai waƙar Hausa kasuwar Turai a faifan Niamey Twice da suka yi da Moussa Poussy a 1994.

Daga tsakiyar shekarun 1990 ne al'amura suka juya, lokacin da situdiyoyin Kano suka rungumi fiyanon Yamaha domin waƙoƙin finafinai, sauyin da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kansa. Manhajar Auto-Tune, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1997, ta zo ta ƙarasa aikin. Adalci ne a faɗi cewa wannan hanya ta sauƙaƙa ɗaukar waƙa, ta kuma samar wa matasa masu yawa abin yi. Sai dai tana da farashi. Sarewa da gangar da ke cikin fiyano injiniyoyin kamfani ne suka zaɓe su, kuma duk wanda ya sayi na'urar irinsu zai samu. Shi ya sa za a jera waƙoƙi goma na mawaƙa goma, mai saurare ya kasa rarrabe su kafin a ambaci suna.

Tasirin abin ya kai har karkara. Idan aka yi biki a garuruwa irin su Mawashi ta Ƙaramar Hukumar Kusada, ko Kankiya da ƙauyukanta, abin da aka fi gani shi ne manyan lasifiku da janareto da yaro mai sanya waƙoƙi daga waya ko kwamfuta. Akan murɗe ƙara har ƙurya, lasifika ta shaƙe tana kakari, ga kuma gunjin da wutar janareto ke shigarwa cikin layi. Idan an yi sa'a an gayyato mai kukuma ko mai gurmi, makirufo ɗaya za a miƙa masa, muryarsa ta fito, kayan kiɗansa ya nutse. Yaron da ke kallo zai yanke hukuncin cewa kayan gargajiya ba su da ƙarfi, alhali ba a taɓa ba su damar da ta dace ba. Da haka sana'ar mai ɗaurin ƙwarya da ta maƙerin akayau suke mutuwa ba tare da an yi musu ko ta'aziyya ba.

Abin da maƙwabta suka yi

Talauci ba hujja ba ne a nan. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kamar yadda Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen, wadda ta ci kyautar Grammy a 2012, ya fara da gwangwani da sanda. Gidajen bikin Agadas su ne makarantar da ta yaye Bombino, ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa a takarar Grammy saboda faifansa Deran na 2018. Fatou Seidi Ghali daga ƙauyen Illighadad na yankin Abalak ta fito, ta zaga Turai da Amurka da jitarta. A Yamai kuma, mutumin da ya kafa ƙungiyar Tal National mai waƙa da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasar, wanda aka fi sani da Almeida, ma'aikacin shari'a ne, abin da ya kamata ya ba masu ɗaukar kiɗa aikin marasa abin yi kunya.

Misalan da suka fi kusa da matsalarmu su ne na Mali da Kwango. Bassekou Kouyate ya ɗauki ngoni, ɗan'uwan molonmu na jini, ya jona shi da amfilifaya da feda, ya hau manyan dandamalin duniya da shi. A Kinshasa, Mingiedi Mawangu na ƙungiyar Konono No. 1 ya ciro maganaɗisu daga tsofaffin kayan mota ya haɗa wa kayan kiɗan kakanninsa na'urar ɗaukar sauti, kuma faifansu Congotronics na 2004 ya girgiza masana kiɗa a Turai.

Aikin da ke gabanmu

Jona kukuma da lantarki yana da nasa ƙalubale, kuma a nan ne ake bukatar masu ilimi. Maganaɗisu ba ya jin izgar doki ko zaren roba, saboda haka sai an yi amfani da ɗan faifan fiyezo, irin wanda ke ƙara a cikin agogon hannu, wanda ke ɗaukar girgizar jikin abu kai tsaye. A ina za a manna shi, a kan fata ko a jikin ƙwarya? Yaya za a hana fatar amsa ƙarar lasifika har ta ɓarke da ihu? Wace ƙaramar da'ira za a sa a tsakani don kada sautin ya fito a bushe? Amsoshin suna wurin gwaji, kuma kayan gwajin ba su fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba, tunda yawancin fedoji da batir mai bolt 9 suke aiki, abin da ke cikinsu kuma 'yan tiransistoci ne da mai gyaran rediyo a kasuwar Sabon Gari ta Kano ya san su sarai.

Sashen koyar da aikin lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina, da takwarorinsa na jami'o'in Zariya da Kano, za su iya mayar da wannan ya zama aikin kammala karatu ga ɗalibansu, a haɗa ɗalibi da makaɗi su fito da amfilifaya mai batir ko mai hasken rana da aka auna ta da kukuma da gurmi. Masu situdiyo su ware ko da waƙa ɗaya a kowane faifai da za a ɗauka da makaɗi mai rai. Hukumomin raya al'adu na jihohi su naɗi sautin dattawan da suka rage da na'urori masu inganci tun suna raye, domin Shata ya tafi a 1999, Ɗanmaraya ya bi shi a 2015. Mu kuma masu gayyatar makaɗa bukukuwanmu, mu biya mai gurmi hakkinsa kamar yadda muke biyan mai lasifika, mu kuma tabbatar an ba kayan kiɗansa makirufo na kansa.

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abzinawa sun ari kayan Bature sun yi kukan gidansu da shi har duniya ta waiwayo. Ƙwarya da fata da izga suna nan a kasuwannin Kankiya da Kusada, masu gyaran rediyo suna nan a kowace tasha, abin da ya rage shi ne a samu masu haƙurin zama su gwada. Allah Ya sa mu dace.