Shekarar 999 da Sarautar Bagauda: Gwajin Labarin da Aka Samo a Intanet

Wanda duk ya nemi labarin sarakunan Kano a intanet zai tarar da shafuka masu yawa sun ce Bagauda ya yi sarauta daga shekarar 999 zuwa 1063. Ɗalibai kan ɗauko wannan lissafi su sa cikin rubutunsu, in an nemi hujja su ce ai a wuri goma suka gani. To, shaidu goma ke nan, ko kuwa shaida ɗaya ce aka maimaita sau goma? Sai an bi sawun maganar kafin a sani.

Asalinta littafin nan ne na Larabci da aka fi sani da Tarihin Kano, wanda mawallafinsa bai ambaci sunansa ba. Ya jera sarakuna 48, tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. Abin lura shi ne, littafin yakan faɗi tsawon zamanin kowane sarki ne, ba ya faɗin shekarar da ya hau. H. R. Palmer, wanda ya buga fassararsa ta Turanci a 1908, shi ya ɗora shekarun, watau ya yi ta ɗebe zamanin kowane sarki yana komawa baya har ya kai kan na farko. Littafin ya ba Bagauda shekara 66. Palmer ya sa su daga 389 zuwa 455 na Hijira, suka zama 64 a lissafin Miladiyya. Saboda haka 999 sakamakon lissafi ce. Kadan wani mai kwafa ya kuskure adadi ɗaya, ko sunan wani sarki ya faɗi daga jerin, dukkan shekarun da ke gabaninsa sun goce, ga shi kuwa tsakanin Bagauda da Bello kusan shekara 900 ne.

Wannan ba raina aikin Palmer ba ne, gama wani sashen lissafin yana da mataimaki daga waje. Ya sa zamanin Muhammadu Rumfa daga 1463 zuwa 1499, an kuma san Shehu Magili ya zo Kano wajen ƙarshen wannan ƙarni, har ya rubuta wa Sarki nasiha a kan sha'anin mulki. Bagauda ba shi da wata takarda ta zamaninsa da za ta tsaya masa haka. Amma shafukan intanet sukan jera shekarun biyu da ƙarfi ɗaya, ba “wai”, ba “an ce”. A ganina aibinsu mafi girma ke nan.

Mai nazarin harshe yana da wata hanya ta gane tushen shafi. Palmer ya rubuta “Bagoda” da “Rimfa”. In aka ga shafin Hausa ɗauke da waɗannan siffofi, alama ce mai ƙarfi cewa ta hanyar Turancin 1908 labarin ya biyo, alhali tun 1933 akwai fassarar Hausa cikin *Labarun Hausawa da Maƙwabtansu*, wanda R. M. East ya shirya a Zariya. In kuma shafin yana rikita jinsi, yana ce wa sarki “ta”, a yi zaton na'ura ce ta fassara, ba wanda ya duba bayanta.

Malamin da ke horad da malamai zai iya mai da wannan darasi guda: ya ba ɗalibai shafuka uku, su nemo sunan marubucin kowanne, da littafin da ya dogara a kai, sa'an nan su gwada da abin da Murray Last ya rubuta a 1980 da na John Hunwick a 1994 a kan yadda aka tsara Tarihin Kano. Ɗalibin da ya rubuta 999 bayan haka, sai a nemi ya ƙara da “bisa ga lissafin Palmer”.